Tsofaffin Tubalan Manhaja: A Rushe, Amma a Ba Da Wa'adi

A watan Agusta na 1993 ne aka kafa Debian, ɗaya daga cikin manhajojin kyauta da ke tafiyar da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. A watan Agusta na 2025 kuwa, fitowa ta 13 ta wannan manhaja ta daina hawa tsofaffin na'urori masu tsarin bit 32. A cikin wannan watan ne kuma LibreOffice 25.8, manhajar rubuta wasiƙu da lissafin ciniki, ta yi ban kwana da Windows 7. Labarin ya yi kama da na Turai, amma ya shafi aljihun masu shagunan buga takardu na Yelwa da Gwallameji, waɗanda cinikinsu ya dogara da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi.

Ba a gina manhaja daga tushe. Kowace tana zaune ne a kan tubalan da wasu suka rubuta, kuma idan masu tubali suka daina kula da shi, ɓarakar da aka gano a jikinsa ba mai toshe ta. Harshen Python 2 ya rasa masu kula da shi tun ranar 1 ga Janairu 2020, amma manhajar gyaran hoto ta GIMP ba ta rabu da shi ba sai a fitowarta ta 3.0, cikin Maris 2025. Waɗanda ke wannan aiki galibi 'yan sa kai ne, ba albashi suke karɓa ba. Duk sa'ar da suka ɓata wajen tallafar tsohon gini, an rage ta ne daga gyaran sabo. Ta wannan fuska masu cewa a cire suna da gaskiya, musamman da yake a kan waɗannan na'urori ne ake shigar da lambar shaidar ɗan ƙasa da bayanan banki na jama'a.

To sai dai na'urar da Bature ya jefar ita ce jarin ɗan kasuwar Bauchi. Kwamfutar gwanjo ake saye, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabo. Daɗin daɗawa, kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar akasarin na'urorin da suka girmi 2017. Manhajar kyauta ce mafakar da ta rage wa irin waɗannan na'urori. Idan ita ma ta rufe ƙofa ba sanarwa, mai shago zai ci gaba da amfani da tsohuwar manhaja mai ɓaraka, wato haɗarin da ake gudu ya ƙaru ke nan.

An taɓa gwada gaggawa. A 2019 kamfanin Canonical ya sanar cewa Ubuntu za ta zubar da tubalan bit 32 baki ɗaya, masu amfani suka yi caa, cikin 'yan kwanaki ya ja da baya ya bar waɗanda ake bukata. Hanyar Debian ta fi dacewa: an cire, amma fitowa ta 12 za ta ci gaba da samun gyara har tsakiyar 2028.

Wannan wa'adi shi ne ya kamata mai shago ya sa a lissafinsa, kamar yadda yake lissafin man janareto. Kuma kafin ya nufi kasuwar Wunti neman wata na'ura, ya kira mai gyara ya duba wadda ke gabansa. Da yawa daga cikin na'urorin da aka ƙera tun daga 2007 suna iya ɗaukar tsarin bit 64, tsohuwar manhaja ce kawai aka ɗora musu, kuma sake ɗora sabuwa ladan mai gyara kaɗai zai ci.