Piriton Ba Zai Ceci Mai Cirar Zuma Ba

A Tsanyawa, kan hanyar Kano zuwa Katsina, gonaki a matse suke da gidaje, amya kuma a rataye take a rassan ɗorawa da tsamiya. Idan ƙudan zuma suka yi wa mutum rubdugu aka kai shi shagon magani yana haki, abin da aka saba a karkara shi ne a ba shi Piriton, a bi da allurar haidirokotizon, a ce ya je ya kwanta. Wannan ganganci ne.

A ƙarƙashin fata da cikin hanyoyin numfashi akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, kowace cike da histamin kamar rumbu. Dafin zuma yana ɗauke da gajerun sarƙoƙin furotin, wato feftayid, masu fasa wannan rumbu. Melitin, mai amino asid 26, shi ne kusan rabin busasshen dafin. Na rina kuwa yana da mastofaran, mai 14 kacal, wanda masana a Japan suka ware a 1979. Waɗannan ba sa jiran sai jiki ya taɓa haɗuwa da dafin, don haka cewa "ai an sha harbinsa bai taɓa kumbura ba" ba hujja ba ce. A 2015 ɗakin binciken Xinzhong Dong a Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa ta wata ƙofa, MRGPRX2, abubuwa da dama ke buɗe rumbun kai tsaye, har da sifurofulozasin da ake sayarwa kamar alewa.

Piriton yana tare histamin ne kawai, alhali rumbun ba histamin kaɗai yake zubarwa ba. Haidirokotizon sai bayan sa'o'i yake fara aiki, maƙogwaron da ke toshewa kuwa mintoci yake ƙirgawa. Adirenalin ne ke matse jijiyoyin jini, ya buɗe hanyar iska, ya rage zubar: miligiram 0.5 a tsokar cinya ga babba. A Siri Lanka, wani gwaji da aka buga a 2011 kan mutum 1,007 da maciji ya sara ya gano adirenalin ya rage mummunan borin jiki ga maganin dafi; furometazin da haidirokotizon ba su rage ba. A 2021 Birtaniya ta cire magungunan tare histamin daga matakin farko na ceto.

Ƙwalbar adirenalin ba ta da tsada. Laifin yana wuyan masu cika ma'ajiyar asibitocin karkara da masu horar da ma'aikatansu, waɗanda suka bar ma'aikacin lafiya yana tsoron allurar fiye da yadda yake tsoron numfashin da ke ɗaukewa a gabansa.