Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a madadin yaran da ba su da bakin kawo kukansu ofishinka, wato masu lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Damuwata cikinsu ne, da abin da ake zuba musu a kwano.

Yaro mai magana, in cikinsa ya murɗa, sai ya ce, "Umma, cikina." Wanda ba ya magana fa? Sai ya yi ta ihu, ya ciji hannunsa, ya buga kai a bango, ya hana gida barci. A gida a ce rigima ce ko iska, a asibiti a ce ai halin lalurar ne, a rubuta maganin sa barci, alhali ƙila kwanaki ya yi bai zaga ba. Kai likita ne, ka fi ni sani. Tun 2010 ƙwararru suka fitar da matsaya a mujallar Pediatrics cewa ciwon ciki a irin yaran nan yakan fito a siffar canjin hali, kuma haƙƙinsu ne a bincika su kamar kowane yaro. A 2014 wani nazari a mujallar ya nuna sun fi sauran yara fama da matsalar ciki da kusan ninki huɗu, musamman taurin bayan gida da gudawa.

Da yake asibiti bai ce komai ba, 'yan kasuwa ne suka karɓe zancen. A Facebook da WhatsApp ana tallar garin waje mai tsada da magungunan "wanke hanji", ana yi wa iyaye alkawarin cewa da an cire alkama da madara yaro zai buɗe baki. An gwada wannan. A Jami'ar Rochester ta Amurka an ɗora yara 14 a kan tsarin cire alkama da madara, ana ba su sinadarin alkama ko na madara a ɓoye, iyaye da masu binciken duk ba su san ranar ba. Sakamakon da aka buga a 2016 bai nuna wani bambanci a halayensu ba. Yaran ba su da yawa, gaskiya ne, amma tun 2013 hukumar NICE ta Ingila ta ce kada a yi amfani da cire abinci a matsayin maganin lalurar kanta. Wani bincike kuma a Ostareliya a 2021, a kan yara 247, ya gano cewa bambancin ƙwayoyin bakteriyar hanjin masu lalurar tsirfar cin abinci ce ta jawo shi.

Duk da haka akwai yaran da abinci ke cutarwa da gaske, kuma su ne ke ɓacewa a wannan hayaniya. Wani madara ce ke sa shi kumburin ciki da gudawa, domin hanjinsa ba ya narkar da sukarin cikinta. Sau da yawa yakan jure nono ko kindirmo, saboda tsami ya rage sukarin. Wani cutar siliyak gare shi, alkama na lalata masa hanji, kuma gwajin jininta sai yana cin alkamar yake inganta. In uwa ta riga ta cire, sakamakon na iya yaudarar likita. Ko shi ma bai buƙatar garin waje. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca duk babu giluten a cikinsu, wato sinadarin alkamar da ke cutar da shi. Burodi, taliya, fanke da alkaki zai bari, ya ci tuwonsa da miyar kuka.

Abin tsoron shi ne cirewa barkatai. Da yawa daga masu otizim abinci kala kaɗan kawai suke yarda su ci, saboda launi ko ƙanshi ko yadda suke jin sa a baki. In an ƙwace madara da burodi, me ya rage? Ƙashi ya yi rauni, jiki ya rame, a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Ka kuma san inda zancen hanjin nan ya taɓa kai duniya. A 1998 Andrew Wakefield ya haɗa shi da rigakafin ƙyanda, sai 2010 mujallar Lancet ta janye rahoton, bayan iyaye da yawa sun guje wa allurar. Kai da ka zauna da sarakunan Arewa kan rigakafin shan-inna ka san wahalar kashe jita-jita in ta yi jijiya.

Roƙona, ranka ya daɗe, ma'aikatarka ta fitar da gajeriyar ƙa'ida ga asibitocin matakin farko: kafin a rubuta wa yaro mai otizim maganin kwantar da hankali, a tambayi uwarsa bayan gidansa, barcinsa da cimarsa. In ana zargin wani abinci, a cire shi shi kaɗai na 'yan makonni, da sa idon masanin abinci, sannan a mayar a gani. NAFDAC kuma ta bi sawun masu tallar warkarwa. A fassara ƙa'idar da Hausa, a karanta ta a rediyo kafin 2 ga Afrilu mai zuwa, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa masu wannan lalura.

Allah ya yi maka jagora. Wassalam.