Shirin damina da farashin mai



Bazara ce lokacin da ƙungiyoyin haɗin gwiwar manoma ke tattara kuɗin mambobi, su sayi iri da taki a dunƙule, su kuma kama layin tarakta tun kafin ruwan farko ya sauka. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana taimaka musu wajen tsayar da lokacin shuka.

Abin da ya fi wuyar lissafi shi ne mai. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 kuma ta haura 1,000. Dizal da tarakta ke sha ya daɗe ba shi da tallafi. Matatar Dangote da ke Lekki, mai iya tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da dizal da fetur a 2024, amma farashi har yanzu yana bin ɗanyen mai na kasuwar duniya da darajar naira, sannan kuɗin dakon tanka daga Legas zuwa Arewa ya hau kai. Tsadar ba ta tsaya a gona ba, domin kowane buhun taki da mota ake kawo shi.

Ya kamata shugabannin ƙungiyoyi su ware kuɗin mai daban tun yanzu, su daidaita da masu tarakta a rubuce kafin damina ta kankama.

Daga wani mai karatu, Kano.