"A wajen wa ta gado?": ciwon sukarin yara da tambayar da ke cinye mana lokaci

Makon jiya na je gida Daura, wato Daurarmu ta ƙasar Karaye, don kada mai karatu ya tafi neman rijiyar Kusugu. Abin da ya kai ni duba 'yar ƙanena ce, yarinya 'yar shekara tara, wadda bara war haka muka kusa binnewa.

Da bazara abin ya faro. Ta riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta sha ta koma randa, ta sha ta koma. Sai fitsari, dare da rana, har ta koma fitsarin kwance bayan ta yi shekaru da dainawa, uwarta ta yi faɗa, ta yi duka. Tana cin tuwo fiye da yayyenta amma kullum ƙara zubewa take yi. An je kemis an karɓo maganin maleriya, aka sake komawa aka ce taifot ce. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Uwar ta ga kiyashi na taruwa a inda yarinyar ta yi fitsari, ta share, don ba wanda ya taɓa gaya mata abin da hakan ke nufi. A mako na uku amai ya zo da ciwon ciki, numfashinta ya koma mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, ta daina gane mutane. Cikin dare aka nemo mota zuwa Kano. Wata ma'aikaciyar jinya ta huda mata yatsa, ta ɗiga jini a kan wani ɗan tsinke, kafin minti guda na'ura ta faɗi abin da mako uku na kai-kawo bai faɗa ba. Ciwon sukari ne, nau'i na ɗaya.

Allah Ya yi da sauran kwana, ta farfaɗo. Amma maganar da na fara ji a barandar asibiti, daga bakin Inna kakar yarinyar, ita ce: "To a wajen wa ta gado? Mu dai kaf danginmu babu mai sukari." Ido duk ya koma kan uwar yarinyar, wadda ta kwana uku ba ta runtsa ba.

Wannan tambaya ta Inna ita ce maudu'ina na yau. Ina ganin tana raba gidaje a banza, kuma tana kawar da hankalinmu daga ainihin abin da ke kashe yaran nan.

Bari mu fara rarrabe abubuwa, don mu Hausawa duka "sukari" muke ce musu. Wanda muka saba gani a jikin dattawa da masu ƙiba shi ne nau'i na biyu. A nan jiki yana yin sinadarin insulin amma ba ya aiki yadda ya kamata, shi ya sa ƙwaya da gyaran abinci da motsa jiki kan taimaka. Nau'i na ɗaya daban yake. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ke ƙera insulin. A mafi yawan masu wannan nau'i, garkuwar jiki ce ke kuskure ta auka wa ƙwayoyin da ke wannan aiki ta hallaka su. Insulin kuwa shi ne mabuɗin da ke shigar da sukari daga jini zuwa tsoka. In babu shi, yaro zai ci ya ƙoshi amma jikinsa na cikin yunwa, sukari ya taru a jini ya fita ta fitsari, ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Jiki ya koma ƙona kitse, gubar da ke fitowa daga nan ta sa jini ya yi tsami. Wannan tsamin jinin ne ke kawo amai da dogon numfashi da suma. Shan rake ko mazarƙwaila ko alawa ba ya jawo wannan nau'i. Shuwaka da garahuni da zogale ba sa warkar da shi. Allurar insulin ce kawai, kullum, har iyakar rayuwa.

To ina maganar gado? Akwai ta, amma ba yadda Inna ke zato ba. Masu bincike sun gano cewa wajen rabin haɗarin da ake gada yana tattare ne a wasu ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, masu koya wa garkuwar jiki bambance na gida da baƙo. Sai dai mutane da yawa na ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi har su tsufa ba su kamu ba. A ƙididdigar da aka yi a tsakanin Turawa, a cikin jama'a gaba ɗaya kimanin mutum 1 cikin 300 ke kamuwa. In uba na da ciwon, haɗarin ɗansa ya kai kimanin 1 cikin 17. In uwa ce mai ciwon, haɗarin bai wuce 1 cikin 25 ba, wato ya ma fi ƙanƙanta ta ɓangaren uwa, ita da muke saurin nuna wa yatsa. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, ɗaya kan kamu ɗayan ya daɗe bai kamu ba, wani ma har abada. Abin da ya fi duka muhimmanci: kusan tara cikin goma na yaran da ke kamuwa ba su da kowa mai ciwon a iyaye ko 'yan'uwa. Nau'i na biyu, na dattawa, shi ya fi bin dangi. Saboda haka da Inna ta ce babu mai sukari a danginta, gaskiya ta faɗa. Babu a dangin surukarta ma, kuma haka abin ya fi zuwa.

Ina jaddada wannan ne saboda abin da na fara ji a bakin mutane tun bayan da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Doka ce mai kyau, kuma ta sa jama'a sun fahimci sikila: in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki na da haɗarin 1 cikin 4. Lissafi ne a fili. Matsalar ita ce wasu sun ɗauki wannan awo suna auna kowace cuta da shi. Har an fara raɗe-raɗin cewa gidan da aka samu yaro mai sukari ba gidan neman aure ba ne. Wannan zalunci ne da ba shi da tushe a ilimi. Babu wani gwajin kafin aure da zai gaya wa ma'aurata ɗansu zai kamu da nau'i na ɗaya, kuma budurwa mai ciwon da ke samun kulawa tana aure, tana haihuwa.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ya sa mu ƙara taka-tsantsan. Waɗancan alƙaluma kusan duk daga jikin Turawa aka samo su, musamman ƙasashe irin su Finlan inda ciwon ya fi yawa a duniya. A 2025 mujallar Lancet ta fannin ciwon sukari ta wallafa wani bincike da aka yi kan yara da matasa kusan 900 a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu, waɗanda duk aka ce suna da nau'i na ɗaya. Kimanin kashi 65 cikin 100 ba a samu alamar harin garkuwar jiki a jininsu ba, kuma ba sa ɗauke da ƙwayoyin gadon da aka sani a jikin Turawa, alhali insulin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya, a taronta na Bankok, ta amince da wani nau'i mai alaƙa da daɗewa cikin rashin abinci mai gina jiki, ta kira shi nau'i na biyar. Ashe ke nan yaran Afirka da dama na iya kamuwa ta hanyar da littattafan Turai ba su bayyana ba. Wannan aiki ne da ke jiran Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Zariya da Sakkwato. In masana na ci gaba da bincike kan asalin ciwon a jikinmu, da wace hujja za a yanke wa wata baiwar Allah hukunci a tsakar gida?

Abin da ke kashe yaran nan sananne ne: jinkirin ganowa, sannan yankewar allura. Rahotannin da likitocin yara suka wallafa daga Kano da Sakkwato sun nuna galibin yaran sai jini ya riga ya yi tsami ake kawo su. Waɗannan su ne ma suka iso. Wanda ya suma a ƙauyen Rogo aka ce maleriya ce ta hau kai, ko iska ce, aka yi masa sutura washegari, ba ya cikin kowane lissafi. Wani bincike da aka wallafa a 2005 ya ƙiyasta cewa yaron da ya kamu a karkarar Mozambik a wancan lokaci bai fi ya yi wata bakwai a raye ba. Wani kuma na 2022 ya ce ɗan shekara goma da ya kamu a ƙasa mai arziki yana da kimanin shekara 65 a gaba, takwaransa a ƙasa matalauciya kuwa shekara 13. Ciwo ɗaya ne, ƙwayoyin halitta ba su suka raba su ba. Gwaji da allura da sani ne suka raba su.

Abin takaici, maganin ya haura shekara ɗari. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya tashi daga bakin mutuwa. Waɗanda suka riƙe haƙƙin mallakar maganin sun sayar wa jami'ar a kan dala ɗaya kowannensu, don kada kuɗi ya hana kowa samu. Yau ga manomi a bakin Dam ɗin Challawa yana sayar da buhun masara don sayen kwalbar da ba za ta wuce 'yan makonni ba, ga sirinji, ga tsinken gwaji, ga kuɗin mota. In aljihu ya bushe sai a rage awon allura, ko a tsallake kwana biyu, sai yaro ya koma gadon asibiti.

Wasu kan ce ai ko an ba ɗan ƙauye insulin, ba wuta ba firji, lalacewa zai yi. Wannan uzuri ya faɗi. A 2021 Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa da Jami'ar Janeba suka wallafa gwajin da suka yi bisa yanayin sansanin Dagahaley na arewacin Kenya, inda zafin ɗaki ke kai-kawo tsakanin 25 da 37 a ma'auni. Kwalbar da aka buɗe ta yi mako huɗu ba ta rasa ƙarfinta ba. Zafin bazararmu kan wuce haka, amma maganinsa na gidanmu ne. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex. Abin da ke adana tumatir da yalo yana adana insulin. A dai nisanta shi da rana da murhu, kada kuma a ɗora shi kan ƙanƙara har ya daskare, don daskarewa na kashe shi.

Saura sani, kuma a wannan ciwo majiyyaci da uwarsa su ne likitocin yau da kullum. Likita na ganin yaro sau ɗaya a wata ko a wata uku, sauran kwanakin gida ne. Dole uwa ta san yadda ake jan allura a sirinji, da sauya wurin huda, da daidaita allura da lokacin tuwo. Ta san in yaro ya fara rawar jiki da gumi da ruɗewa, sukari ne ya faɗi, a ba shi sukari ko zuma nan take. Ta san ranar zazzaɓi ba ranar daina allura ba ce ko da bai ci abinci ba, ranar ƙara gwaji ce da neman likita. Malamin makaranta da na allo su san yaron nan zai nemi fita fitsari, zai kuma ci wani abu a tsakiyar darasi. Matashi ya san addini ya yi wa marar lafiya rangwame a azumi, kada kunyar abokai ta kai shi ga halaka. Duk wannan da Hausa ya kamata a koyar, da hoto da maimaici.

Ga kirana. Shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su tabbatar kowace ƙaramar cibiyar lafiya na da na'urar gwajin sukari da tsinkenta, a kuma sa doka: duk yaron da ya zo da yawan ƙishirwa da fitsari da rama, ko amai da dogon numfashi, a huda yatsarsa kafin a ɗaura masa ƙarin ruwa. Gwamnatin jiha ta sa insulin da tsinken gwaji na yara cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, ta kuma kai su manyan asibitocin Karaye da Rogo don a huta da zaryar Kano. Masarautar Karaye da limamanmu su ba da huɗuba guda, ko albarkacin 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya, a faɗi alamomi huɗu kawai: ƙishirwa, fitsari, rama, gajiya. Masu kemis kuma, ku ne ƙofar farko, in maganin maleriya bai yi ba kada ku sake, ku tura asibiti.

Da na isa gidan ƙanena ranar nan, na tarar da yarinyar ta dawo daga Islamiyya. Ta wanke hannu, ta ɗaga riga, ta yi wa kanta allura a ciki tana ba ni labarin haddarta. Tukunyar insulin na ajiye a inuwar ɗakin Inna, kuma ita da kanta ke jiƙa yashin safe da yamma. Na ce, "Inna, kin gano wanda ta gado?" Ta ce, "Kai dai bari, ɗan nan. Na nemi gafarar uwarta. Da na san maganar kiyashin nan, da ba mu kai mako uku ba."

Mai karatu, yanzu kai ka san maganar kiyashin. Ka faɗa wa maƙwabciyarka kafin mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.