Algaita Ba Ta Da Lamba

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da kayan gyara, wanda mu a nan Sudan muke ce wa isber, ya san daɗin lamba. Mutum ya zo neman boris na injin ban-ruwa ko fulogin babur, ba sai an yi dogon bayani ba. Ya karanto maka lambar, ka miƙa hannu kan kanta ka ɗauko, ciniki ya faɗa. Wanda aka ƙera a Indiya da wanda aka ƙera a Sin, in dai lambar ɗaya ce, za su zauna a gurbi ɗaya.

To, akwai kayan da ba su da lamba, su ne aikin hannu. Yau a kansu zan yi magana, musamman kayan busa da na kiɗa, domin a 'yan watannin nan sautunsu ya yi yawa a hannunmu mu fatake.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya iso mana Jazira a watan Disamba na shekarar, mutane suka watse, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu har Bur Sudan. Tun da Madani ta buɗe a Janairun 2025 aka fara komowa. Wanda ya dawo ya tarar da ɗakinsa, abin da ɓarawo ya bari gara ta ci, abin da gara ta bari ɓera ya ƙarasa. Makaɗa da mabusan ƙauyukanmu na gefen Rufa'a da Hasahisa, haka nan na wajen Sinnar da Mai Wurno, da yawansu sun tarar da kangon ganga ya zama gari, fatar kalangu ta kece, algaita ta tsage. Kar wani ya ce ai kayan wasa ne. Ga mabushi, algaita ita ce shagonsa, ita ce gonarsa. Kuma tun da kakanninmu suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin kogi, wannan kiɗa na cikin abubuwan da suka hana 'ya'yanmu mance inda aka fito. Yaron da Hausarsa ta fara gauraya da Larabci, in ya ji kalangu ranar biki ƙafarsa ta san gida.

Sai aka koma neman sababbi, kuma masu ƙera na ƙwarai suna can yamma: Kano, Zariya, Katsina, Damagaram. Nan ne ake kawo mana kuɗi a ce, "Alhaji, don Allah in yaronka zai tashi, a yo mini sautun algaita." Magana ɗaya ke nan, kamar an ce a sayo goro. Ni kuwa abin da nake so mu gane shi ne, algaita ba abu ɗaya ba ce, taron abubuwa ce, kuma kowanne daga hannun wani yake fitowa.

Ga yadda take. Akwai jikin itace da masassaƙi ke rarakewa, mai buɗaɗɗen baki a ƙasa, da 'yan ramukan yatsu, galibi huɗu. Baduku ne ke lulluɓe shi da fata ya ɗinke. Akwai siririn bututun tagulla da ke shiga samansa, wannan aikin maƙerin fari ne. Akwai ɗan faifan da leɓen mabushi ke jingina a kai, domin shi mai algaita yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, busa ba ta yankewa. Sannan can a ƙarshe akwai ɗan kara mai baki biyu, wanda bai kai tsawon yatsa ba. To wannan ɗan karan shi ne muryar. Shi ya fi komai araha, shi ya fi komai saurin mutuwa, kuma in babu shi abin da ke hannunka sanda ce kawai mai ado.

Tunda hannu ne ya yi, ramin da masassaƙin Kano ya huda daidai bututun maƙerin da suke aiki tare ya huda shi. Ka kawo bututun wani gari, ko ya yi sako-sako iska ta tsere, ko ka matsa shi itacen ya tsage. Haka karan: an yanke shi daidai bakin wannan bututun ne, ba na kowa ba.

Na ga wannan da idona a wani ƙauye kusa da mu. Wani dattijon mabushi ya sayar da akuyarsa ya ba da sautu, aka kawo masa algaita kyakkyawa, jar fata sai ƙyalli, amma da kara ɗaya tak, shi ma ya murƙushe a cikin jaka. Ya ɗauko tsofaffin karansa, ba su hau bututun ba. Ya sa tsohon bututunsa, bai zauna a sabon jikin ba. Bikin da ya karɓi kafin alƙalami dominsa ya zo ya wuce, sai rikoda aka kunna, shi kuma ya mayar da kuɗin mutane. Mai aikin bai cuce shi ba, ɗan aiken ma bai ci amana ba. Algaita aka ce, algaita aka kawo.

Shi ya sa ƙa'idata ta farko ita ce: ranar da ka ba da odar abu, ranar za ka ba da odar kayan gyaransa, daga hannu ɗaya. In algaita ce, a haɗo da bututu biyu, faifai biyu, kara kamar ashirin a cikin ɗan gwangwani mai murfi. In kalangu ne, a haɗo da fatu na canji da aka riga aka ɗaura wa zobensu, da ƙarin tsirkiya, da makaɗi biyu. In kakaki ne, tunda gaɓa-gaɓa ake yinsa ana harhaɗawa, a ƙara bakin busa ɗaya. Abin da za ka ƙara a kuɗi kaɗan ne in ka gwada da kuɗin sake aiko mutum.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Ku dubi hamonika, 'yar abin busan nan mai ramuka goma da ke shiga aljihu. A cikinta akwai siraran harsunan ƙarfe guda ashirin, in ɗaya ya gaji sauti ya karkace. Ta roba da muke sarowa da dozin muna sayar wa yara ranar Idi, in ta lalace sai bola. Amma a Jamus akwai gidan Seydel a garin Klingenthal tun 1847, da gidan Hohner a Trossingen tun 1857, waɗanda suke sayar da faifan harsunan daban, murfi daban, har da 'yan kusoshi. Akwai kuma ƙananan masu sana'a, mutum ɗaya da teburinsa, da suke gyara wa mabushi ita daidai numfashinsa da irin sautin da yake so. Su Turawa sun sa wa kowane ɓangare suna da lamba. Mu ba mu da lamba, saboda haka awo da bayani su za su tsaya a madadinta.

Wannan ita ce ƙa'ida ta biyu: kar ka aika da suna kawai, aika da awo. In tsohon abin yana nan, ko a karye yake, shi ne babban shaida, a naɗe shi a tafi da shi. In ba zai tafu ba, a kwantar da shi kusa da tef ɗin tela a ɗauki hoto, a rubuta tsawonsa da faɗin bakinsa da tazarar ramukansa da santimita. Kar a ce taƙi ko kamu, domin taƙin Bakano da naka ba ɗaya ba ne. Sannan sauti. Mabushi ba shi kaɗai yake aiki ba, yana da abokan kiɗa. A ɗauki muryar gangarsu, ko tsohon bidiyon wani biki da aka busa tsohuwar algaitar, a tura wa mai aiki ta WhatsApp. In ya gama, shi ma ya sa a busa sabuwar ya turo, mai ita ya ji da kunnensa kafin ta bar Kano. Gyara a gaban mai aiki kwana ɗaya ne. Gyara bayan ta ƙetare ƙasa uku, sai dai haƙuri.

Na uku, lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Itacen da bai bushe sosai ba, in ya sha zafin Jazira na watan Afrilu da Mayu, tsagewa zai yi. Ka tambayi mai aiki kai tsaye: "Malam, itacen nan yaushe aka sare shi?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka kuma sani, gab da Sallah masu wannan sana'a ba su da sukuni, domin fada da mahaya suna shirin hawa, aikinsu ne a gaba. Ka ba da naka da wuri, ka ƙara wata guda a kan ranar da aka yanka maka kafin ka yi wa wani alkawari.

Na huɗu, kuɗi. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ciniki istisna'i, wato ka sa a ƙera maka abin da babu shi tukuna, kuma sun ƙarfafa a bayyana siffarsa sarai don kar a yi jayayya daga baya. Mu a kasuwa abin da muka saba shi ne arabun, kafin alƙalami, sauran in an gama. A faɗi farashin da kuɗin da mai aiki ke sayen kayansa da shi, wato naira ko sefa, ba da fam ɗin Sudan ba, tunda kowa ya ga yadda fam ke zamewa tsakanin safe da yamma. Bankak tana yi mana aiki a cikin gida, amma ba ta kai kuɗi Kano, sai an bi ta hannun 'yan canji. To a yi komai a rubuce, ko da saƙon murya ne a ajiye shi, a kuma sami wakili a garin, ɗan'uwa ko abokin ciniki, da zai taka ya ga aikin. Zuwa da kai ya fi saƙo, in kai bai samu ba, idon amintacce ya fi hoto.

A nan kuma bari in faɗa mana gaskiya mu 'yan kasuwa. Mun saba da tayi, a ce goma mu ce uku. Wannan a kan kayan kamfani ne. Mutumin da zai zauna kwana da kwanaki yana rarake itace ɗaya saboda kai, in ka matse shi har ya rasa riba, a jikin aikin zai fanshe: fata mai arha, tagulla mai kauri kamar takarda. Araha ba ta ado. Kuma abin da aka yi daidai yatsun wani, ba ya sayuwa ga wani. In ka fasa karɓa, ka bar shi da asara tsantsa. Waɗannan mutane ba su da yawa, 'ya'yansu da dama sun koma acaba da sayar da waya. Wanda ka samu na kirki, riƙe shi kamar yadda kake riƙe babban dilanka, domin bara waccan ka saya, baɗi za ka koma neman bututu.

Na biyar, hanya. Tsohuwar hanyar alhazai, daga Kano zuwa Maiduguri, Gamboru, Injamena, Abeshe, Adire, Jinena, a ratsa Darfur da Kurdufan a fito Kosti, ba ta biyuwa da kaya yanzu. Abin da ya rage shi ne jirgi, ko ta hannun masu Umra: kaya su sauka Jidda, su hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, mota ta kawo su ta Kasala da Gadarif. Hannu da yawa ke nan, kuma kowane hannu jifa yake yi. Saboda haka a warware komai, kar a aiko algaita a harhaɗe. A naɗe kowane ɓangare da tsumma, a zura jikin a cikin guntun bututun ruwa na roba a toshe bakinsa biyu. Gwangwanin kara kuwa a aljihun ɗan aike zai zauna, ba a cikin buhu ba. Fatu a raba su da laima. A gaya wa ɗan aike abin da ya ɗauko, don in an tambaye shi a kwastan ya buɗe da hannunsa, kar a buɗe masa da wuƙa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Ba komai ne sai an aiko daga yamma ba. Bagaruwar da majeman Kano ke jima da ita, ita ce garad ɗin da ke zube a bakin koginmu. Fata muna da ita, masu ɗinkinta suna nan. Mai gyaran lagireto a Hasahisa da ya iya like tagulla, in ka ajiye masa bututu a gabansa zai fitar maka da irinsa. Shi ya sa nake cewa a sayo biyu: ɗaya na aiki, ɗaya na gwaji da za a riƙa kwaikwaya. Kuma in kun yi ciniki da mai aiki, ku roƙe shi, ku biya shi ladansa daban, ya ɗauki bidiyo yana yanka karan nan tun daga farko har ƙarshe, ya faɗi irin karan da lokacin da ake yankansa. A nuna wa yara biyu ko uku a kowane ƙauye. Yaƙin nan ya koya mana cewa hanya tana iya rufewa shekara biyu ba sallama. Ranar da ta sake rufewa, Allah ya kiyaye, kar a ce garin Hausawa guda ya yi shiru saboda ɗan karan da bai kai yatsa ba.

Wanda ke da sautu a hannunsa yanzu, kafin ɗan aike ya tashi, ya koma wurin mai kayan ya tambaye shi abu uku: ina awo, ina sauti, kayan gyara nawa za a haɗo. In ya ce ai ba sai an yi wannan wahala ba, ka karanta masa labarin dattijon nan da akuyarsa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.