Rashin fiyano ba hujjar tsallake darasin kiɗa ba ne

Makon jiya na kunna wa ɗalibaina a Salaga wani kiɗan fiyano a waya. Ko minti ɗaya ba a yi ba wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Ticha, ai waƙar ABC ce." Ta yi gaskiya. Karin tsohuwar waƙar Faransa ce da Mozart ya ɗauka wajen 1781, ya juya ta sau 12. A juyi na farko hannun dama ne ke gudu, a na biyu gudun ya koma hannun hagu. Na 8 ya zo da sautin baƙin ciki, na 11 kuma ya tafi a hankali. Duk da haka yaran ba su ɓata karin ba. Shi ya sa malaman fiyano ke ba masu koyo shi: yatsu na samun horo, kunne na koyon riƙe jigo.

To, jama'a, wannan baƙon abu ne a wurinmu? Wanda ya taɓa tsayawa a Yendi lokacin Damba ya ji yadda makaɗan Dagomba ke yi. Gangar ƙasa na riƙe da taken, mai kalangu yana fita ya yi ado, ya dawo. Mai goge ma haka, amshi ɗaya ne, juyi ne ke canzawa. Dabarar iri ɗaya ce, kayan kiɗan ne suka bambanta.

Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya gane haka tuntuni. Shi ma kwalejin horon malamai ya yi, a Akropong. Cikin darussan fiyano 12 da ya rubuta wa masu koyo, akwai wanda ya gina kan waƙar aiki ta Builsawa, waɗanda suke jiha ɗaya da mutanen Bawku.

Abin da ke damuna shi ne, kiɗa na cikin manhajar firamare ta 2019 a ƙarƙashin darasin fasaha, amma da yawanmu mukan tsallake shi mu ce ba kayan aiki. Wasu iyaye kuma gani suke ɓata lokaci ne. Ni ban yarda ba. Yaron da ya iya gane kari ɗaya bayan an sauya masa kama sau 12, shi ne zai gane lissafi ɗaya idan aka juya masa tambaya a jarrabawa. Mai hadda zalla a nan yake faɗuwa.

Ba sai da fiyano ba. Tafi ya isa, tebur ya isa. A ba yara kari ɗaya, kowane layi ya juya shi yadda ya iya, sauran su faɗi abin da ya canza. 'Yan'uwa malamai, a gwada wannan ranar Litinin.