UWARGIDA DA NA'URA: Ba A Taɓa Ta Ba, Amma Fankarta Sai Kuka Take

 

A bazarar da ta wuce, ina kicin na ji wani ƙugi daga ɗakin yara kamar an kunna injin markaɗe. Ko da na leƙa, sai na tarar kwamfutar cinya ta babbar 'yata ce ajiye a kan katifa, babu kowa a gabanta. Na kai hannu ƙasanta na janye ba shiri, kamar na taɓa murfin tukunya. A cikinta kuwa aikinta na kammala digiri yake, wahalar wata shida, kuma ba ta da kwafi a ko'ina. Wani mai gyara ya ce sai an sake fanka, ya yanka kuɗi masu kauri. Daga baya muka gano fankar ƙalau take.

Ruwa ba ya tsami banza. Aikin fanka shi ne ta jawo iska mai sanyi, ta tura mai zafi waje. In kika ji tana kuka alhali ba a aiki, to ɗayan biyu ne: ko iskar ba ta samun hanya, ko kwamfutar tana wani aiki a ɓoye.

Fara da inda aka ajiye ta. Yawancin kwamfutoci ta ƙasa suke shaƙar iska. Katifa, filo, darduma da kafet duk suna toshe ƙofofin nan, kamar an rufe wa mutum hanci. Ki ɗora ta a kan tebur ko babban tire, ki ɗan ɗaga bayanta da murfin gora biyu. Ki tuna kuma kamfanoni irin su Apple sun ce a yi amfani da kwamfutocinsu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maraɗi watan Afrilu kan haura 40. Da tsakar rana in babu wuta, a bar ta ta huta.

Sai ƙura. Duk uwargidan da ta share ɗaki sau uku a rana lokacin hunturu ta san halin ƙurarmu. Yadda take kwanciya a kan madubi, haka take taruwa a cikin na'urar har ta dunƙule kamar auduga. Ki kashe ta, ki zare caja, ki goge ƙofofin iskar da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Kada ki hura da baki saboda danshi. Kada a ɗora ta kan ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma, kada kuma a saka ta a firji. Raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin illa.

In an yi wannan kukan bai daina ba, sai a leƙa abin da take yi a ɓoye. A kwamfuta mai Windows, ki danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci guda, shafin Task Manager zai buɗe. Ki danna inda aka rubuta CPU, wato ƙwaƙwalwar na'urar, manhajar da ta fi cin ƙarfi za ta hau sama. Kwamfutar da ke hutawa da wuya ta wuce kashi 10 cikin 100. In kika ga 60 ko 90, akwai mai wahalar da ita. Wani lokaci Windows ce ke sabunta kanta ko manhajar tsaro ke bincike, wannan a yi haƙuri zai wuce. Wani lokaci kuma shafuka ne ashirin aka bari buɗe a Chrome. Abin da kika san sunansa kawai za ki rufe, wanda ba ki sani ba kada ki taɓa.

A ta 'yata, wani wasa ne ƙannenta suka sauko da shi kyauta daga intanet, ya zo da ɓoyayyiyar manhaja. Irin waɗannan kan yi amfani da na'urarki suna haƙo wa wasu kuɗin intanet, ke da zafi da kashe data, su da riba. Mun bincika da Windows Security, muka cire shi, muka goge ƙura, ɗaki ya yi tsit. Kuma ki riƙa danna Restart ko da sau ɗaya a mako, domin rufe murfi kawai barci ne, wata ma takan farka a cikin jaka ta yi ta dahuwa.

Yaushe za a nemi mai gyara? In fankar na ƙarar gurzawa, ko kwamfutar na mutuwa da kanta, ko ta shekara uku zuwa huɗu ba a buɗe ta ba. A ce ya wanke ciki, ya sake man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar, domin yakan bushe. Kafin ta bar gida, a kwafe komai a filas, musamman hotunan iyali, in da hali a tsaya a gyara a gabanki ko gaban maigida.

Abu guda ne ba ya jira. In kika ga ƙasanta ya kumbura, ko wurin da ake jan yatsa ya taso, batir ne ya lalace, kuma yana iya kamawa da wuta. A kashe ta nan take, a zare caja, a nisanta ta da yara da labule, kada a matsa ko a huda, a kai a canza shi. Yara kuma a hana su ɗora ta a cinya tsawon awanni, domin zafin kan bar tabo a fata.

Ranar da 'yata ta miƙa aikinta, kwafi uku ta ajiye. Ke ma 'yar uwa, kada ki bari sai kin ji ƙugi.

Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida yara.